Littafi a Kantar Magani

Mutumin Dutse ba baƙon ganin gini ya sauya sana'a ba ne. Ranar 27 ga Agusta 1991, da Janar Ibrahim Babangida ya yanko Jigawa daga jihar Kano ya ce Dutse ce hedikwata, garin bai wuce fadar Garu da ke bisa duwatsu ba, sai sakatariyar ƙaramar hukuma, da 'yan makarantu, da kasuwa, da itatuwan dabino. Ma'aikata suka kwararo daga Kano da fayil-fayil ɗaure da igiya, ba ofis, ba masauki. Kanar Olayinka Sule da aka turo ya fara riƙe jihar, da Ali Sa'ad Birnin Kudu da ya karɓa a Janairun 1992, duk da abin da suka tarar a ƙasa suka fara aiki. Aji ya koma ofis, shago ya koma sashen albashi, zaure ya koma ma'ajiyar takardu. Wasu ma'aikatan ma ba su tare ba sam: sammako suke yi daga Kano, su bi ta Wudil su karya a Kwanar Huguma, la'asar sakaliya su juya. Zamanin Saminu Turaki aka sake watsa ma'aikatun zuwa Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, sannan Sule Lamido ya tattaro su ya maido Dutse bayan 2007. Duk ƙaura ɗaya, sai wani gini ya kwana da aiki ya tashi da wani.

Sai dai a duk wannan juye-juyen, ofis ne kullum yake cin gado. Gini ya koma wurin karatu na kowa da kowa, sau ɗaya na gani da idona, shi ma ba hukuma ce ta yi ba, kuma tun ba a yi jihar ba. A ƙauyenmu ne, ta hanyar da ke fita daga Dutse zuwa Kiyawa, ginin kuwa tsohon ɗakin shan magani ne na zamanin En'e.

Ɗaki biyu ne da doguwar baranda. An yi masa gindi da dutse, bangon na da kaurin da yaro zai zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. Rufin kwano ne, amma an ɗaga shi sama sosai, tagogin gabas da na yamma suna kallon juna, don haka ko a tsakiyar bazara iska na ratsa shi. Ga darbejiya a gaba, ga rijiya a gefe. Yana tsakanin ƙofar gidan dagaci da kasuwa, inda ba mai wuni a garin bai gifta ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne malamin asibitin. Kos ya yi a Kano, aka ba shi farar riga da keke, aka ce ga gari nan. Yana da diresa ɗaya, dattijo mai ƙarfin hannu, wanda yara ke tsere wa ko a kasuwa suka hango shi. Tun da hantsi barandar take cika: mata a gefe guda da goyo, maza a gindin darbejiya, Fulanin ruga sun jingine sanduna a bango. Kowa da kwalbar lemon da ya wanko daga gida, domin maganin ruwa ya fi yawa, Kawu na tsiyayowa daga manyan kwalabe, ja na tari, fari na ciki. Sirinjin na gilas ne, a kan risho ake tafasa shi da allurai, a tsamo da hantsaki. Warin Izal da aidin ya kama bango, ya kama rigar Kawu, har tuwon gidansa muna cewa asibiti-asibiti yake yi.

Cututtukan lokacin ma daban ne. Wankin gyambo shi ne aikin safe na diresa, yanzu kuwa sai a daɗe ba a ga mai shi ba. Tsargiya tamu ce, 'yan wankan kududdufi. Da damina sai kurkunu: manomi yana ji yana gani ciyawa ta cinye masa gero, shi kuwa yana zaune ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da wannan masifa. Duk tsararmu muna da tabon lamba a damtse, na yaƙin da aka fara yi da agana a 1967, lokacin da ma'aikata suka riƙa bi gari-gari da wata bindigar allura da ake taka mata da ƙafa. In bazara ta zo da sanƙarau ko ƙyanda, Kawu ba ya kwana a gida. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takarda a tafi Birnin Kudu, in ta ƙi a wuce asibitin birni a Kano, kuma ba kowa ne yake kaiwa ba.

Ni ne ɗan aikensa in an taso daga makaranta: in jera kati, in ɗebo ruwa, in kira suna. Duk sanda ya je Dutse karɓo magani yakan dawo da Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙasan kwali, sau da yawa ta kwana biyu da fitowa, ba wanda ya damu. Masu jiran layi sai su ce, "Likita, a ba yaron nan ya karanta mana." In haye benci in yi ta kwararawa, dattawa na gyara mini sunayen garuruwa, suna tsayar da ni su yi gardama a kan kuɗin gyaɗa. A kan wannan bencin na karanta musu labarin kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976. Kowa ya riga ya ji a rediyo, amma suka ce a karanta, wai abin da ke rubuce ya fi zama. Ban kai ƙarshen shafin ba diresan nan mai ƙarfin hannu ya ajiye almakashi ya zagaya bayan ɗaki.

Daga 1975 gwamnatin tarayya ta shigo da shirin kai kiwon lafiya karkara, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa binne En'e. Kuɗin mai na nan. Ba a daɗe ba aka gina mana sabon asibiti na bulo a bakin titi, can bayan gari, har da ɗakin haihuwa da gidan ma'aikaci. Ba wanda ya yi baƙin ciki. Aka kwashe kwalabe, aka datse tsohon da kwaɗo, awaki suka gaje barandar.

A dogon hutun 1982 muka tuna da shi. Abubakar Rimi ne gwamna a Kano, ya kafa hukumar ilimin manya a 1980, ya ɗaga darajar sarautar Dutse a 1981, iskar PRP na kaɗawa, kowane ɗan sakandare ji yake shi aka aiko ya farkar da talakawa. Mu da ke makarantun kwana, wasu a Birnin Kudu, wasu a kwalejojin horon malamai, da yayyenmu biyu-uku na jami'ar Bayero, muka kafa ƙungiyar ɗalibai don mu riƙa yi wa ƙannenmu darasin hutu. Wuri ya gagara, hedimasta ya kulle firamare ya tafi garinsu da makulli. Sai muka tube takalma a ƙofar dagaci, muka zube muka yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, makullin tsohon asibiti muka zo roƙo."

"Subhanallahi. Wa ba shi da lafiya?"

"Kowa ƙalau, ranka ya daɗe. Littattafai za mu zuba, yara su riƙa karatu."

Ya jima yana jan carbi yana dubanmu ɗaya-ɗaya, yana gane 'ya'yan wa da wa ne. Sannan ya ce, "Ɗakin na hukuma ne, makullin na wurin Likita, awakin na mai unguwa ne. Ku je ku shawo kan waɗannan biyun. Hukuma ta manta tana da shi, ni zan gaya wa hakimi."

Kawu bai yi musu ba, sharaɗi ya kafa: a share, a wanke da Izal, a shafe bango da farar ƙasa, a bar tagogi a buɗe mako guda rana ta shiga. Ya ce babu cutar da za ta zauna shekara da shekaru tana jiranmu a ɗakin da ba kowa. Mai wuyar ita ce kakata.

"Ɗakin da rayuka suka fita a ciki za ku je ku zauna har dare? Wurin da aka bari haka, ai ya yi masu shi."

"Iya," in ji Kawu, "waɗanda suka fita ɗakin nan da ƙafarsu sun fi waɗanda aka ɗauka a makara nesa ba kusa ba. Shi kansa wannan da kike jin tsoro a kansa, ba a nan aka ƙwato shi daga ƙyanda ba?"

Ba ta amsa ba, amma da liman ya zo ya yi addu'a, ita ce ta aiko da ƙosan sadaka.

Littattafanmu duka ba su cika akwatin ƙarfe biyu ba. Kowa ya kawo abin da ya gama da shi: na lissafi, na tarihi, na kimiyya da bangonsu ya tafi. Wani ɗan bautar ƙasa da ya gama wa'adinsa ya bar mana labaran Turanci. Malamin ajin yaƙi da jahilci ya kawo na koyon karatu. Ƙanen liman ya ba da 'yan littattafan fiƙihu bugun Kano, da sharaɗin a ɗora su a kantar sama, kada a taɓa da hannu mai dauɗa. Magana Jari Ce littafi uku ne, mu kuwa na ɗaya da na uku muka samu, don haka yaran garinmu da yawa sun girma da rami a tsakiyar labarin, sai wanda ya karanta na biyu a makaranta ya cike musu da baka, yana ƙara nasa gishirin.

Kantocin magani ba su buƙaci kafinta ba. Rubutun Kawu na nan a jikin katako, sunan kowane magani a gurbinsa, muka bar shi, muka jera littattafai a kai. Ƙaramin kabad mai makulli da ake ɓoye magunguna masu haɗari, nan muka sa ƙamus da littafin taswira da tsoffin tambayoyin jarrabawa, don su ne aka fi sha'awar a tafi da su ba a dawo ba. Muka kuma tsinci ragowar rajistar marasa lafiya da ba a cike ba. Tana da gidan suna, da na unguwa, da na cuta, da na magani. A gidan cuta muke rubuta sunan littafi, a gidan magani ranar dawo da shi. Da dare fitilar ƙwai ce, kananzir karo-karo. Da aka fara samun Alfijir, jaridar ajami ta kamfanin Triumph na Kano, sai ga dattawan da a da nake karanta wa jarida sun dawo gindin darbejiya, wannan karon su ke karanta wa kansu, mu 'yan boko muna leƙe muna tuntuɓe.

Abin da ba mu shirya masa ba shi ne tagar. A bangon ɗaki na biyu akwai 'yar taga mai murfin katako, ta nan ake miƙa magani ga wanda ba ya buƙatar shiga. Mu da nufinmu samari ne 'yan jarrabawa. Ba a yi nisa ba sai ga 'yan mata masu talla suna tsayawa a wannan tagar, faranti a ka, su zaro littafi daga ƙarƙashin mayafi.

"An ce an gama wannan, a ba da wani."

"In ji wa?"

"Yaya ce."

Mukan rubuta sunan yarinyar, alhali mun san ba ita ke karantawa ba. Matan aure ne a cikin kulle, waɗanda suka yi firamare zuwa aji shida ko bakwai aka yi musu aure, karatun yana neman zubewa don ba abin ɗorawa a kai. Da a sakatariya muka buɗe ɗakin, ko a harabar makarantar maza, ba yarinyar da za a aika. Amma wannan taga uwayensu sun tsaya a gabanta, kakanninsu sun tsaya, ba mijin da ya taɓa tambayar me ya kai 'yar aike ƙofar asibiti. Ƙafa ta riga ta san hanyar. Littafi ɗaya yakan shiga gida ya zaga kishiyoyi da maƙwabta ta kan katanga, ya dawo da tabon manja da ƙanshin turaren wuta, wani lokaci da 'yar takarda a ciki: a gaya wa masu ɗakin karatu a samo ci gaban labarin.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da littattafan soyayya suka fara fitowa daga kasuwannin Kano, gardama ta tashi a tsakaninmu. Wasu suka ce ba za a haɗa su kanta ɗaya da littafin kimiyya ba, balle ga na fiƙihu a sama. Tagar ce ta raba gardamar, don abin da ake tambaya ke nan safe da yamma. Har yau ina ganin waɗannan ƙananan littattafai masu arha, da aka yi ta zagi a jaridu, sun riƙe karatun Hausa a cikin gidaje fiye da duk wani shiri da aka kashe wa kuɗi.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin dabarar 'yan ƙauye da ba su da zaɓi. Shekarun baya wani yaro da na koyar, wanda ya tafi ƙaro karatu Sifaniya, ya turo mini hotuna ta waya, ya rubuta: "Malam, ga irin ɗakin karatun garinku da kake ba mu labari, amma na masu hali." Basilona ce, wadda samarin Takur da Fagoji a Dutse ba su san ta da komai ba sai ƙwallo. A tsohuwar unguwar birnin akwai asibitin Santa Creu, wanda aka aza harsashinsa a 1401 bayan an haɗe ƙananan asibitoci shida wuri guda. Ya yi wa talakawan birnin hidima sama da shekara ɗari biyar. A nan shahararren maginin nan Antoni Gaudi ya cika a Yunin 1926: taragon cikin gari ne ya buge shi, aka ga tufafinsa sun tsufa aka zaci mabaraci ne, aka kai shi asibitin marasa galihu. Da asibitin ya koma sabon mazauni, ba a rushe tsohon ba. A 1931 hukumar birnin ta ba da shi, zuwa 1940 babban laburaren Kataloniya ya tare a ciki. Dogayen zaurukan da gadaje suke jere a da, ƙarƙashin bakan gizo na dutse, yanzu tebura ne. A wani sashe na harabar kuma akwai ƙaramin laburare na 'yan unguwa.

Na birnin Balensiya, shi ma a Sifaniya, ya fi taɓa ni, don farkon labarinsa a kowace kasuwar ƙasar Hausa za a iya ganinsa. A 1409 wani malamin Kirista mai suna Jofre yana kan hanyar zuwa wa'azi ya tarar da yara sun taru suna jifan wani mai taɓin hankali. Ya tsaya ya kare shi, ya hau mumbari ya sauya abin da ya yi niyyar faɗa, ya roƙi attajirai su gina wa irin waɗannan bayin Allah wurin jinya. Aka gina. A 1512 aka haɗe shi da sauran asibitocin birnin ya zama babban asibiti, mai zauruka huɗu da suka haɗu a tsakiya, yadda mai tsaro ɗaya zai tsaya ya hango ko'ina. Bayan an tashi daga ginin an rushe mafi yawansa, wannan sashen ya tsira, tun 1979 kuma shi ne laburaren jama'a na birnin. Inda mai kula da majinyata yake tsayawa a da, ma'aikacin laburare ma nan ya fi dacewa da shi.

Mu Musulmi ma ba sabon abu ba ne a wurinmu a ga littafi da majinyaci ƙarƙashin rufi ɗaya. Sarkin Misira Mansur Ƙalawun ya gina babban asibitinsa a Alƙahira a 1284 zuwa 1285. Ibnun Nafis, likitan da ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu kafin ya koma zuciya, da ya rasu a 1288, gidansa da littattafansa duka ga wannan asibiti ya yi waƙafinsu. Dalilin a fili yake. Abin da majinyaci ke buƙata shi mai karatu ke buƙata: haske, iska, shiru, ruwa a kusa, da ƙofar da ba a tambayar mutum ɗan wane ne kafin ya shiga. Wanda ya gina wa ɗaya da gaskiya ya riga ya gina wa ɗayan.

Ba kuma a ce Arewa ba ta iya adana gini ba. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House a 1970, ana zuwa daga ƙasashe don takardunsa. Gidan Malam Aminu Kano, Mambayya, yana hannun jami'ar Bayero. Gidan Makama ya zama gidan tarihi. Babbar Ruga ta Katsina, da aka sani da jinyar kutare, daga shekarun 1980 ta koma wurin ɗinke mata masu yoyon fitsari, har ta zama cibiyar ƙasa. A Jigawa manyan asibitocin gaba suke yi, Alhamdu lillahi: na Birnin Kudu da ake tura mu da takardar Kawu ya koma hannun gwamnatin tarayya a 2000, na Rasheed Shekoni a Dutse ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, Jahun ta yi suna wajen ceton masu haihuwa. Amma waɗancan gidajen manya ne, waɗannan kuma manyan asibitoci ne, duk suna da masu magana da yawunsu. Ƙananan ɗakunan shan magani na En'e, masu ɗaki biyu da baranda, da ke tsakiyar garuruwan hakimai da dagatai, su ne marayu. In an yi sabo a bakin titi, tsohon sai ya zama na awaki, ko wani ya wayi gari da takardar fili a hannu.

Namu bai kai shekara goma ba. Tsadar da ta biyo bayan 1986 ta sa littafi ya fi ƙarfin karo-karon ɗalibai. Waɗanda suka fara abin aiki ya ɗebe su ɗaya bayan ɗaya, da aka yi jiha kuwa duk mai takardar sakandare a garin ya nufi Dutse neman gurbi. Wata shekara aka ce a ara ɗaki ɗaya a ajiye takin zamani kafin a raba, aka tattara littattafan a kwali aka tura kusurwa. Gara ta samu abin da take nema. Iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon, ba a mayar ba. Kawu yana raye a lokacin, ya yi ritaya. Ya sa aka ciro masa kanta ɗaya mai rubutun hannunsa, ya kafa a zaurensa yana ɗora rediyo da buta.

Yanzu akwai laburaren jiha a Dutse, jami'a na da nata, kuma kowa zai ce maka ai littafi ya koma cikin waya. Gaskiya ne, matan da a da suke aiko 'yan talla, jikokinsu a WhatsApp suke karanta labari babi-babi. Amma waya ba ta ba yaro tebur, ba ta ba shi fitila, ba ta raba shi da ɗakin da mutum takwas ke kwana a ciki. Yaron Sakwaya ko Chamo ba zai biya kuɗin babur kullum ya zo cikin Dutse don ya zauna ya yi lissafi ba, yarinya kuwa ba ma za a fara maganar ba.

Da na je gida hutun da ya wuce, na nemi ɗan ƙanena bayan sallar isha aka ce yana asibiti. Gabana ya faɗi. Ashe lafiyarsa ƙalau. An sa wa asibitin bakin titin nan sola saboda firjin allurar rigakafi da ɗakin haihuwa, ya zama shi kaɗai ne wurin da wuta ke kwana a garin. Na tarar da su a baranda, samari masu shirin WAEC da JAMB, kowa da littafinsa a cinya, wayoyi na caji a soket ɗaya, maigadi na zaune a kan turmi yana kora sauro.

"Baffa, da fari korar mu yake yi," in ji yaron. "Sai da muka yi yarjejeniya: ba hayaniya, in an kawo mara lafiya mu tashi mu ba da benci, ranar Asabar mu share harabar."

Na ce, "'Yan matan fa?"

Ya nuna mini wata ƙofa da haske ke fitowa ta ƙarƙashinta. "Suna ɗakin awo. Nas ɗin dare ce take buɗe musu in babu mai naƙuda. Ƙarfe tara yayyensu su zo su raka su gida. In jarrabawa ta matso benci ba ya isar mu, sai kowa ya zo da tabarmarsa."